Marmaron Ruwan Ɗumi da Matsayinsa a Tunanin Bahaushe Game da Lafiya

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa birnin Kano, daga Ƙofar Mata zuwa Ƙofar Kabuga, ko daga Ƙofar Mazugal zuwa Ƙofar Na'isa, ba zai tarar da wurin da ruwa yake ɓuɓɓugowa daga ƙasa da ɗuminsa ba. Abin da zai gani bai wuce rijiyoyi da kududdufai da kuma Jakara ba. Amma kuma da wuya a sami gida ɗaya a cikin birni wanda ba a taɓa ɗora tukunyar ruwan zafi a cikinsa da niyyar magani ba, ko dai don mai jego, ko don mai mura, ko don wanda ya yi targaɗe. Wannan ya nuna cewa Bakano ya daɗe da yarda da ruwan zafi a matsayin magani, ko da yake Allah bai ba shi marmaronsa a kusa ba.

Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne a yi bayanin waɗannan wurare da ruwa yake fitowa da ɗumi, da dalilin ɗumin, da inda ake samun su a kewayen ƙasar Hausa. Sa'an nan za a dubi abin da yake jan Bahaushe zuwa gare su, a kuma auna shi da abin da likitoci suka tabbatar. Abin da ake son mai karatu ya riƙe shi ne bambancin da ke tsakanin samun sauƙi da samun waraka, domin rashin rarrabe waɗannan abubuwa biyu yakan jawo asarar dukiya, wani lokaci har da ta rai.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Bahaushe yana kiran wurin da ruwa yake fitowa da kansa daga ƙasa marmaro, ko idon ruwa, ko maɓuɓɓuga. Ya kamata a lura kada a rikita marmaro da marmara, wato jan dutsen nan mai tauri da mahaƙa rijiya suke cin karo da shi, wanda har akwai unguwa mai sunansa a cikin birnin Kano.

Haka kuma Hausa ta rarrabe matakan ruwa daki-daki. Akwai ruwan sanyi, akwai wanda aka kashe wa sanyi, akwai mai ɗumi, akwai mai zafi, sa'an nan akwai tafasasshe. Wannan rarrabewa tana da muhimmanci ga bayanin da zai biyo baya. Zafin jikin ɗan Adam mai lafiya yana kusa da digiri 37 a ma'aunin santigiret, ruwa kuwa yana tafasa ne a digiri 100. Saboda haka ruwan da bai kai zafin jiki ba, ko ya yi daidai da shi, shi ne ya cancanci a kira mai ɗumi. Wanda ya haura digiri 40 ya shiga sahun ruwan zafi, kuma jiki ba ya jure daɗewa a cikinsa.

3.0 Yadda Ruwa Yake Samun Ɗumi a Ƙarƙashin Ƙasa

Masana kimiyyar ƙasa sun tabbatar cewa gwargwadon nisan da aka yi zuwa cikin ƙasa, gwargwadon ƙaruwar zafi. A yawancin wurare zafin yana ƙaruwa da kimanin digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita ɗaya. Idan ruwan sama ya sauka, wani kaso nasa yakan bi kafofin yashi da tsagogin duwatsu ya nutsa. Wanda ya tsaya a kusa shi ne muke ja da guga a rijiya, kuma ba shi da wani ɗumi na a-zo-a-gani. Wanda ya yi nisa ƙwarai kuwa yakan ɗauki zafin duwatsun da ya tarar. To, idan ya sami wata doguwar tsaga da za ta dawo da shi sama da sauri kafin ya huce, sai ya fito da ɗuminsa. A kan hanyarsa yakan narkar da sinadarai irin su gishiri da kanwa da farar wuta, shi ya sa wasu marmaron suke da wari ko ɗanɗano na daban.

A ƙasashen da duwatsu suke aman wuta, kamar Japan, narkakken dutse yana kusa da saman ƙasa, don haka ruwan yakan fito har yana tafarfasa. Nijeriya ba ta cikin wannan rukuni. Mafi yawan marmaronta masu ɗumi suna cikin kwarin Binuwai ne da gefensa, inda ƙasa ta tsage tun zamani mai nisa, duwatsun yashi suka taru da kauri. Birnin Kano kuwa yana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri wanda marmara ta lulluɓe, kamar yadda ake gani a Dala da Gwauron Dutse. Ruwan rijiyoyinsa na kusa-kusa ne, bai yi nisan da zai ɗauki zafi ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa birnin yake da unguwanni irin su Rijiya Biyu da Rijiya Huɗu, amma ba shi da marmaron ɗumi.

4.0 Wuraren da Suka Shahara

4.1 Wikki

Marmaron da ya fi kowanne suna a Arewacin Nijeriya shi ne Wikki, a cikin gandun dajin Yankari da ke ƙaramar hukumar Alkaleri ta Jihar Bauci, tafiyar fiye da kilomita 100 daga garin Bauci. An keɓe wannan daji a shekarar 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. A 1991 ya koma hannun Gwamnatin Tarayya, sa'an nan aka mayar wa Jihar Bauci da shi a 2006. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, kuma akwai giwaye da ɓauna da dorina da gwanki a cikinsa.

Ruwan Wikki yana fitowa ne daga ƙarƙashin wani dutsen yashi, garau kamar hawaye, har mai wanka yana hango yashin da yake takawa. An ƙiyasta cewa yana fitar da lita miliyan 21 a kowace rana, ya gangara ya shiga kogin Gaji. Abin sha'awa shi ne ɗuminsa yana nan a kan digiri 31, dare da rana, rani da damina. Ashe ke nan bai ma kai zafin jikin mutum ba. A lokacin hunturu, sa'ad da iska take kaɗawa da asuba, mai wanka zai ji shi da ɗumi sosai. A bazara kuwa, sa'ad da zafin rana ya haura digiri 40, sai ya ji shi da sanyi-sanyi. Ruwan bai sauya ba, iskar da ke waje ce ta sauya. Ban da Wikki akwai wasu marmaron masu ɗumi a cikin dajin, kamar Dimil da Gwana, amma ba a gyara su domin baƙi kamar yadda aka gyara Wikki ba.

4.2 Tafadek

A ƙasar Abzin, arewa da Agadas a Jamhuriyar Nijar, akwai marmaron Tafadek, wanda ruwansa ya fi na Wikki zafi nesa ba kusa ba. Buzaye da Hausawan Agadas sun daɗe suna zuwa can, musamman masu ciwon gaɓoɓi da cututtukan fata, su yi kwanaki suna shiga ruwan. Hulɗar Kano da Abzin daɗaɗɗiya ce, ta hanyar ayarin gishiri da fatauci, kuma unguwar Agadasawa a cikin birni shaida ce a kan haka. Tafadek ya bambanta da Wikki ta wajen niyyar masu zuwa. Akasarin masu zuwa Wikki 'yan yawon buɗe ido ne da ɗalibai, masu zuwa Tafadek kuwa da yawansu neman magani ne ya kai su.

4.3 Sauran Wurare

A Lamurde ta Jihar Adamawa akwai wani marmaro da mutanen wurin suke kira da sunan Hausa, wato Ruwan Zafi, kuma sunan ya dace da shi domin zafinsa ya haura digiri 50. Akwai irinsa a Akiri, ƙasar Awe ta Jihar Nasarawa, yankin da aka sani da dafa gishiri. Kusa da Lere a Jihar Kaduna akwai Rafin Rewa, mai zafin kimanin digiri 42. A ƙasar Yarabawa kuma akwai Ikogosi a Jihar Ekiti, inda ruwan ɗumi da na sanyi suke fitowa dab da juna su haɗe.

5.0 Sanyi da Zafi a Tunanin Bahaushe

Kafin a fahimci abin da yake sa Bahaushe ya yi tattaki zuwa irin waɗannan wurare, dole a dubi yadda yake kallon cuta. A wurinsa sanyi babbar ƙofa ce ta rashin lafiya. Kalmar ta wuce yanayin gari kawai, ta zama sunan cuta. Za ka ji an ce sanyi ya kama wane, ko sanyi ya shige shi, ko yana fama da sanyin ƙashi, ko sanyin mara. Tun da an ɗauka sanyi abu ne mai shiga jiki ya maƙale, sai hankali ya ba da cewa zafi ne zai kore shi. A kan wannan tunani aka gina hanyoyin magani da dama.

Na farko akwai surace, inda ake tafasa ganyaye, majinyaci ya lulluɓa da bargo a kan tukunyar ya shaƙi tururi har ya yi gumi. Na biyu akwai gashi, inda ake tsoma tsumma a ruwan zafi ana danna wurin da ya kumbura ko ya gurɗe. Na uku, wanda ya fi su duka girma a al'ada, shi ne wankan jego. Ana ɗaukar jikin macen da ta haihu a matsayin ɗanye, mai buɗaɗɗun kafofi da sanyi zai iya bi, don haka sai an gasa shi. Mai jego takan yi kwana 40, wata ma fiye, tana wanka safe da yamma da ruwa mai tsananin zafi, ana tsoma ganye ana fyaɗa mata a jiki. A da har takan kwanta a kan gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, ga kuma kunun kanwa da naman da aka cika wa yaji. Saboda girman wannan al'ada ne kalmar wanka ita kaɗai ta wadatar: idan aka ce wance ta tafi wanka gida, ko ta gama wanka, kowa ya san abin da ake nufi.

Ban da batun zafi, akwai kuma tsohuwar yarda cewa wani ruwa yana da sirrin da wani ba shi da shi. Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambaci yadda mutanen Dala suke girmama kurmin Jakara da baƙin ruwansa tun zamanin Barbushe. A Daura har gobe masu ziyara suna shan ruwan rijiyar Kusugu da fatar samun albarka. A fagen adabi kuwa, littafin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya rubuta domin gasar ƙaga labarai ta 1933, an gina shi ne kacokan a kan doguwar tafiya ta neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki. Karɓuwar da littafin ya samu tana nuna cewa jigon bai zo wa masu karatu a baƙo ba. To, idan aka haɗa waɗannan tunani biyu, wato zafi yana korar sanyi, kuma wani ruwan yana da sirri, za a ga cewa marmaron da yake fitowa da zafinsa ba tare da an hura masa wuta ba ya cika sharuɗɗan magani duka a idon Bahaushe.

6.0 Abin da Likitoci Suka Tabbatar

Babu shakka akwai gaskiya a cikin wannan tunani. Ruwan ɗumi yana buɗe ƙananan jijiyoyin jini na fata, yana saki da naman jikin da ya ɗaure. Sa'an nan idan mutum ya nutsa har wuya, ruwa yakan ɗauke mafi yawan nauyinsa, sai gwiwoyi da ƙugu su huta, ya iya motsa gaɓar da a tudu ba ta motsuwa sai da zogi. Wannan ne ya sa asibitocin zamani suke amfani da tafkunan ɗumi wajen gashin ƙashi. Farar wutar da ake samu a wasu ruwayen ita ma an daɗe da sanin amfaninta ga ƙazuwa da wasu ƙurajen fata, kuma masu sayar da magani a kasuwar Kurmi sun san ta sarai.

Amma duk wannan sauƙi ne. Gaɓar da ta riga ta zaizaye ba ta komawa sabuwa don an jiƙa ta. Ciwon sukari da hawan jini da tarin fuka da ciwon daji ba sa fita ta hanyar gumi. Wanda ya bar maganin asibiti ya tafi zaman marmaro zai iya dawowa yana jin daɗin jikinsa na ɗan lokaci, alhali cutar tana nan tana cin sa a ɓoye.

Har ila yau zafi yana da nasa haɗarin. Idan jijiyoyin fata suka buɗe, jini yakan sauka, zuciya ta ƙara bugu, don haka mai ciwon zuciya ko tsoho yana iya yin jiri ya faɗi a cikin ruwan. Ana kuma gargaɗin mai ciki da ta guji daɗewa a ruwan da ya fi jikinta zafi. Akwai wata ƙwayar halitta da ido ba ya gani, mai son ruwan ɗumi, wadda idan ta bi ta hanci takan kai ga ƙwaƙwalwa. Ba kasafai take kama mutum ba, amma wanda ta kama da wuya ya tashi. A garin Bath na Ingila, inda Rumawa suka gina wuraren wanka a kan marmaron zafi tun ƙarni na farko na Miladiyya, mutuwar wata yarinya ta wannan hanya a 1978 ta sa aka hana wanka a ruwan, ba a buɗe sabon wurin wanka ba sai a 2006.

Batun wankan jego ya fi kusa da mu, kuma darasinsa ya fi girma. A shekarun 1970 wasu likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun lura da yawan matan da zuciyarsu take gazawa bayan haihuwa a Zariya, kimanin mace 1 cikin 100. Sun danganta abin da tsananin zafin wanka da gado, da kuma gishirin da ke cikin kanwa, wanda yake tara ruwa a jiki. An daɗe ana tafiya a kan wannan bayani. Amma wani babban bincike da aka gudanar a asibitoci da dama na Nijeriya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kamilu Ƙaraye na Jami'ar Bayero, wanda aka buga a 2020, bai sami hujjar cewa wankan da kunun su ne tushen cutar ba. Abubuwan da suka fi fitowa fili su ne rama, da rashin ilmin zamani, da rashin sana'a, da hawan jini na lokacin ciki. Wannan bai wanke al'adar daga kowane laifi ba, domin ƙuna da ruwan zafi yake jawowa sananniya ce, kuma macen da zuciyarta ta riga ta raunana ba za ta amfana da ƙarin zafi da gishiri ba. Babban haɗarin shi ne a ga mai jego tana kumburi da haki, a ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara wa tukunya wuta, alhali asibiti ya kamata a kai ta.

A nan ne kwatanta marmaro da tukunya yake da amfani. Wikki da digirinsa 31 yana sanyaya gajiya ba tare da ya ƙona kowa ba. Ashe amfanin da ake nema ba ya buƙatar ruwan ya kai ga saɓule fata. Al'ada kuwa tana karɓar gyara. Ganyen darbejiya da ake ganin kamar da shi aka fara wankan jego baƙo ne, a shekarun 1920 aka shigo da itacen Nijeriya ta Barno. Al'adar da ta karɓi sabon ganye za ta iya karɓar a sirka mata ruwa.

7.0 Marmaro a Matsayin Wurin Hutu

Wani amfanin da ba a cika kula da shi ba shi ne hutun kansa. Mutanen Japan suna da tsohuwar al'ada ta zuwa marmaro su zauna mako ɗaya ko fiye, musamman manoma bayan girbi. Abin da suke samu ya haɗa da barin aiki, da isasshen barci, da sauyin iska, da hira da 'yan'uwa. Idan aka duba da kyau, wankan jego ma yana ɗauke da irin wannan hikima: an ɗauke wa mace girki da daka har kwana 40, ana ciyar da ita, uwa ko gwaggo tana kula da ita. Mai yiwuwa ne kaso mai yawa na ƙarfin da take samu daga wannan hutu yake fitowa, tukunya kuma ta kwashe yabon.

Mazaunin birnin Kano a yau yana cikin cunkoso da hayaƙi da hayaniyar kasuwa, kuma kududdufan da suke ba unguwanni iska an cike da yawansu an yi gini, Jakara kuwa ta zama magudanar ƙazanta. Irin wannan mutum yana da buƙatar wurin da zai je ya sarara. Sai dai abin da ya sami Jakara gargaɗi ne game da Wikki da 'yan'uwansa. Ruwan da kakanni suka girmama har suna tsoron kusantarsa, jikoki sun mayar da shi juji. Marmaro yana rayuwa ne da ruwan saman da yake nutsewa a dajin da ke kewaye da shi. Idan aka sare dajin, ko aka bar shara da sabulu suka yi masa yawa, zai lalace kamar yadda wancan ya lalace.

8.0 Kammalawa

An ga cewa ɗumin marmaro yana samuwa ne daga zafin cikin ƙasa, kuma yanayin dutsen da Kano take kai ne ya hana ta samun nata. An ga kuma cewa ƙaunar Bahaushe ga ruwan zafi ta taso ne daga yadda yake ɗaukar sanyi a matsayin cuta. Mai neman hutu, ko sassaucin ciwon gaɓoɓi, zai sami biyan buƙata a Wikki ko makamancinsa. Mai cutar da take buƙatar likita kuwa ya fara da likita, domin Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai aiki a gaban ɗaliban Hausa a wannan fage. Sunayen ganyayen wanka, da kalmomin da unguwarzoma take amfani da su, da labarun da mutanen Alkaleri da Lamurde da Abzin suke bayarwa game da asalin marmaronsu, duk suna bakin tsofaffi ne. Tattara su zai amfani masu nazarin harshe, zai kuma taimaki likitan da yake son ya shawo kan kaka ta rage wa jikarta zafin ruwa, domin ba zai iya ba sai ya san abin da take nufi idan ta ce sanyi.